Jan Batir a Motar Ata

Sifana mai lamba goma ta kufce wa Burul karo na biyu, ta faɗa cikin injin. Ta cusa hannu ta lalubo ta, sanyin ƙarfe na cizon yatsunta. Minti ashirin gare ta, in ma ya kai. Surukinta Toktosun ya tafi gidan maƙwabci ɗauko ragon da za a kai biki a garin Narin, kuma tsohon ba mai dogon surutu ba ne.

Ita dai motar nan ba a taɓa ta. Ɗansa Maksat, mijin Burul, shi ya saya masa ita sabuwa fil da gumin aikin gini a Rasha. Tun ranar tsohon ya kafa doka: duk abin da ke jikinta na kamfani ne, kuma na kamfani zai zauna. Ko da ta gogu da ƙofar gida sau biyu a watan nan, ƙofar ce ta sha zagi, wai ta cika matsi.

Mu nan garin Kochkor matar ɗa ba ta kama sunan surukinta, balle ta ce masa a'a. Shekara takwas Burul na kiransa Ata, wato Baba, tana miƙa masa shayi kai a sunkuye, tana goge wanda ya zuba a gefen kofi.

Yau kuwa dutsen Dolon zai haye, hanya mai yawan lanƙwasa, ƙanƙara a ƙasa, rami a gefe. Matarsa za ta zauna a gaba, a baya kuma Sezim, 'yar Burul ɗaya tilo. In motar ta fita da batirin da ke cikinta, Burul ba ta da tabbacin za ta sake ganin yarinyar. Ta kira Maksat a waya tana kuka. Abin da ya iya ce mata kawai shi ne, "Ni ma ba zan iya tunkararsa ba. Ki san dabarar da za ki yi."

Dabarar ce ta kai ta kasuwa jiya. Mai sayar da batura ya koya mata aikin: wajen cirewa ta fara da baƙar waya, wajen ɗaurawa ta fara da ja. Sau uku ta sa ya gwada batirin da mita a gabanta.

"Wallahi 'yar'uwa, shekara ashirin ina cikin kwantenar nan, ban taɓa ganin mai saye irinki ba," ya ce yana dariya. "Kin dai tabbata?"

"Na tabbata. Sa min a buhu."

Yanzu ga ta a gaban mota, kunnenta na ƙofar gida. A garin sauri ta manta karatun jiya, ta fara da jar waya. Sifanar ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ya tashi fau, har ya ƙona mata bakin mayafi. Ta danne ihun da ya zo mata. Ta koma kan baƙar, ta kwance duka biyun, ta cire ƙarfen da ke danne batirin, ta rungumo shi. Nauyi kamar dutsen niƙa. Da ƙyar ta kai shi bayan ɗaki, ta zura a tanderun burodi, ta rufe.

Wanda ta sayo girmansu ɗaya da na kamfanin, amma shi ja ne jawur, wancan kuwa baƙi. Babu yadda za ta yi da wannan. Ta zaunar da shi, ta ɗaura ja, ta ɗaura baƙa. Shiru, ko ɗan tartsatsi babu. Tana ɗaure ƙusa ta ƙarshe ta ji kukan rago a lungu.

Ta rufe bonet, ta jefa sifanar a aljihu, ta ɗauki tsintsiya.

Toktosun ya shigo yana jan igiya, ya yi tuntuɓe da bokiti, ya zagi wanda ya ajiye shi. Aka saka ragon a but ɗin motar. Tsohuwar matarsa ta shiga, Sezim ta shiga da sabuwar rigarta tana ɗaga wa uwarta hannu. Tsoro ya cika Burul har ta kasa ɗaga nata.

Ya murɗa makulli. Ƙit. Ya sake murɗawa. Ko ƙit ɗin ma bai samu ba.

"Ikon Allah! Motar da jiya ta tashi bugu ɗaya?"

Ya fito ya buɗe bonet. Burul ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Tsohon ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa jan batirin, ya daɗe a haka, ya shafa shi da tafin hannu.

"Baƙin nan nawa," ya ce a hankali. "Shekara biyar bai taɓa ba ni kunya ba sai yau." Ya ɗago. "Ke 'yar nan, je ki ce wa maƙwabcinmu Joldosh ya zo ya kai mu da tasa. Kuma kada ya kuskura ya zo min da wayoyin jan wutarsa, ba mai jona min tarkace a mota."

"To, Ata."

Sai da ta fita lungu ta jingina da katanga, hawaye ya ɓalle mata, tana ta hamdala. Rumfa bakwai ta zaga jiya kafin ta samu mataccen batir daidai girman lafiyayyen da ke cikin tanderu, domin wata uku ke nan Ata ba ya ganin komai sai inuwa, kuma duk gidan an rasa mai bakin ce masa ya ajiye makulli.