Baƙon da Ya Zama Ciyaman

Mai gabatarwa ya kusa shiɗewa kafin ya gama jero muƙaman sabon ciyaman da soja suka naɗa wa ƙaramar hukumar Lafia: barista, malamin jami'a, wanda ya sasanta ƙasashe biyu kan iyakar teku, ya kuma jagoranci manyan 'yan kasuwa zuwa Landan. Yayar ciyaman, mai sayar da gishirin garin Awe, tana bayan rumfa tana taɓe baki. Shekara goma sha tara rabonta da shi. Ko rasuwar uwarsu, telgiram kawai ya aiko.

Da taro ya tashi, ta kutsa tsakanin 'yan sanda ta tsaya gabansa. Ta yi masa magana da yarensu na Alago, a hankali, ko zai zo ta nuna masa kabarin innarsu.

Ya gyara tabarau, ya yi mata irin murmushin da yake yi wa jakadu, sannan ya waiwayi direbansa kamar bai ji yaren ba.

"Me Hajiya take buƙata?"

Direban ya sunkuyar da kai.

Ta ƙare wa ƙaninta kallo daga hula har takalmi, ta ce wa direban da Hausa, "Gaya wa Ciyaman rijiya muke so a unguwarmu."