Inshorar Motar Alhaji

"An biya, Alhaji," in ji Hajiya, tana miƙa wa mijinta waya. "Ga saƙon kamfanin inshora. Motarka ta samu wata shekarar, ba sai ka je Damagaram ba."

Alhaji ya yi tsaye da hula a hannu. Tun jiya ya sa aka goge babbar rigarsa. Shekara da shekaru, in lokacin sabunta inshora ya yi, da kansa yake barin Matamaye ya kai kuɗin ofis, ba ya aiken kowa.

"Wa ya sa ki? Kuɗin da ba a damƙa hannu da hannu ba, iska aka ba!"

"Ai duk direbobin tasha haka suke biya yanzu."

"Su suka sani. In jandarma ya tare ni a hanyar Kance, wayarki zan nuna masa? Sai na je na ga takarda da idona."

Ya yi ta faɗa yana laluben takalmi. Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa da 'yar rigar jariri.

"To, in ka gama ganin takardar, gidan 'yar farinka yana nan daura da ofishin. Na san kunya ba ta barinka ka ce wurinta za ka."

Alhaji ya karɓa yana kallon gefe.

"In na samu sarari," ya ce, ya riga ya kai zaure.