Littafin Hedimasta

Karo na bakwai ke nan Injiniya yana durƙushe a ɗakin karatun surukinsa, sukudireba a baki, kansa cikin kwamfuta, gumi na ɗiga kan fankar da ya ɗaura da hannunsa sati uku da suka wuce.

Shi ya jawo wa kansa. Shekara uku surukin nasa, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, yana rubuta tarihin rayuwarsa, shekara ukun nan kuma yana kuka da nauyin jikin kwamfutar. "Kafin ta buɗe, abin da zan rubuta ya gudu," in ji shi. Tsofaffin ɗalibansa suka gaji da jira, suka sa ranar ƙaddamar da littafin, har da buga katin gayyata.

Nan Injiniya ya ga dama ta samu. Tun da ya auri autar gidan, Hedimasta bai taɓa kiransa injiniya ba, sai dai "mai gyaran nan". Ya zo wata Asabar ya canja faifan ajiya da sabo mai gudu, ya kwashe komai ya zuba a ciki, ya ninka ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ya ƙara fanka. Kwamfutar da takan yi minti biyar tana miƙa ta koma buɗewa kafin mutum ya gyara zaman tabarau.

Hedimasta bai yi godiya ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Har ta buɗe?"

Kwana biyu sai ga waya: kwamfutar ta daskare. Yana tsakiyar jimla, in ji Hedimasta, komai ya tsaya cak, dole ya kashe ta.

Injiniya ya zo da gudu, ya kunna, ta tashi ƙalau. Ya ciro ram ɗin ya goge ya mayar. Washegari ta daskare. Ya bar ram ɗaya ya cire ɗaya. Ta daskare. Ya zargi zafi, ya sake shafa wa injin man da ke rage zafi. Ya zargi wuta, ya canja akwatin wutar gaba ɗaya. Ya kai ta shagonsa ya ɗora mata aikin da zai sa sabuwa ma ta yi nishi, kwana biyu ko tari ba ta yi ba. Ya mayar da ita gida, kafin la'asar ta daskare, daidai lokacin da mai ɗab'i ya bugo yana tambayar yaushe zai aiko a karɓi rubutun.

Abin da ya fi cin ransa shi ne bai taɓa kama ta da idonsa ba. Kamar yaro mai rashin ji, da ta ji sallamarsa sai ta natsu. Ya duba bayanan da take ajiyewa game da kanta, babu kuskure ko ɗaya, sai dai an danne maɓallin kashewa sau goma sha ɗaya. Wannan kuwa ai dole ne, me bawan Allah zai yi da kwamfutar da ta sandare?

A gidan, daraja ta fara zubewa. Hajiya, surukarsa, ta daina tambayarsa ya aiki, ta koma tambayarsa ya gyara. Shayinsa ya fara zuwa ba madara. Matarsa kuwa ba ta ɓoye ba. "Shafi ɗari huɗu fa. In littafin Baba ya salwanta a hannunka, ni ban san inda zan sa fuskata ba."

Hedimasta kaɗai ne bai ɗaga murya ba. Duk ranar da ta daskare, sai a tarar da shi a baranda ya miƙe ƙafa yana karanta jarida, har yana tsokanar jikoki. Injiniya ya sha mamakin haƙurin mutumin nan.

Yau saura kwana tara a ƙaddamar. Ya mayar da murfin, ya share hannu a wando, ya faɗi abin da yake gudun faɗa.

"Baba, abu ɗaya ya rage, a wanke ta tas a sake zuba komai. Amma sai kun bari na kwafe littafin tukuna."

"Ba mai ganin littafina sai an buga."

"To in ya goge fa, Baba?"

Hedimasta ya gyara hula, fuskarsa ta yi wani irin haske. "In ya goge, haka Allah ya ƙaddara. Wanke ta, Injiniya."

Injiniya. Yau ne karo na farko. Saura kaɗan hawaye ya zubo masa. Mutum ya sa gumin shekara uku a hannunka, ya kuma yafe maka tun kafin ka yi ɓarna? Ya rantse a ransa ko harafi ɗaya ba zai ɓata ba.

A hanya ya tuna tsohon faifan yana nan cikin tarkacen shago. Ya birkice akwati uku kafin ya same shi, ya jona, ya ga fayil mai suna "Littafi". Ba karantawa zai yi ba, Allah ya sani, dubawa kawai zai yi ko lafiyarsa lau. Ya nemi gafarar surukinsa a zuci, ya danna.

Fayil ɗin lafiyarsa lau, rabon da a taɓa shi shekara uku: sunan littafi, sunan Hedimasta da duk muƙamansa, sai "Babi na Ɗaya", daga nan farin shafi har ƙasa.