Fararen Turaku a Gonar Maje

Turke na tara Maje yake tumɓukewa lokacin da safiyo mai awon fili ya iso a guje, yana ɗaga hannu.

Shekarar 1976 ce. Gwamnati ta yanki fili tun daga bayan Gyaɗi-Gyaɗi har cikin gonakin Tarauni, wai za a gina unguwar kimiyya da masana'antu, inda 'ya'yan Kano za su riƙa ƙera injin da hannunsu. Maje bai ƙi injin ba. Amma a kan idonsa aka kafa jajayen turaku a gonar Ɗanladi da ta Lawan, kafin sati ya zagayo katafila ta mayar da su fili fetal. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Tasa gonar kuwa ba dawa kaɗai ke ciki ba. A gindin tsamiyar da ke tsakiyarta aka binne mahaifiyarsa, Iyatu.

Sau uku yana hango safiyon nan, wani siriri mai tabarau da ake kira Malam Rabi'u, yana zagaya tsamiyar, har da cire takalmi, yana rubuce-rubuce. Yau da safe sai ga turaku sun kewaye gonar kaf, farare tas. Wato don raini har sabon fenti aka saya masa.

"Malam, kar ka taɓa su! Tsaya ka ji..." in ji safiyon yana haki.

Maje mutum ne mai zuciya a kusa. Ƙotar gatari ya sakar masa a baki. Tabarau ya tarwatse, haƙora suka zubo cikin kunyar dawa. Ya ƙara masa a ƙeya, ya ƙara a haƙarƙari, har sai da mutumin ya daina motsi. Leburori suka kwashe shi sai asibiti, bai san inda kansa yake ba. Maje ya tara turakun ya cinna musu wuta. Da 'yan sanda suka zo bincike, duk unguwa ta ce ba ta ga komai ba.

Ranar Litinin katafila ta iso da rakiyar 'yan sanda da sajansu. Maje ya tare ta da gatari. Kulake suka sauka a kansa, aka karya masa hannu, aka danne fuskarsa a ƙasa. Daga nan kwance ya ga tsamiya ta faɗi, ƙarfe ya bi ta kan kabarin ya shafe. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne Iyatu.

Direban ya sauko shan ruwa, ya dubi sajan yana share gumi.

"Ranka ya daɗe, wai ina gonar nan mai kabari da safiyo ya yi ta faɗa a ofis har aka yarda a bar ta? An ce zan gane ta da fararen turaku, tun safe nake dubawa ban gani ba."