Madabod Mai Fitilu

Tunda ka ce wannan madabod ɗin bai yi maka ba, sai wancan da ka gani a waya, to ajiye shi ka gyara zama. Ni ba na hana mutum son abu mai kyau, ni ma ina so. Amma bari in ba ka misalin wani tela.

Telan nan ɗan mai ɗaukar hoto ne. Uban ya shekara talatin yana ɗaukar mutanen garinsu, ba biki ba suna, amma shi kansa ko hotonsa ɗaya babu a bangon gida. Sau ɗaya tak wani abokin sana'arsa ya karɓi kyamarar ranar sunan jika, ya ɗauke shi tare da matarsa a ƙofar ɗaki. Ba a wanke hoton ba, yana nan cikin kwamfutar shagon uban, kullum ana cewa gobe, har Allah Ya yi masa rasuwa. Ba a jima ba kwamfutar shagon ita ma ta mutu, aka ciro faifan ajiyarta, telan ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a ƙasan akwati. Ana nan sai idon tsohuwarsa ya fara dusashewa, likita ya ce irin ciwon nan ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Ba ta nemi komai ba illa ta ƙara ganin fuskar mijinta. Aka ce ya kai faifan shagon masu gyara, ya ƙi, domin cike yake da hotunan matan mutane, amanar ubansa ce. A nan ban ga laifinsa ba. Sai ya ƙudurta zai haɗa kwamfuta da hannunsa, a ɗakinsa, hoton farko da za ta nuna ya zama wannan. Ya shiga tara kaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa lefe. Da ya gama ɗinkin Sallah ya sayi firosesa, wato ƙwaƙwalwar. Bayan wata biyu ya sayi ram, wato ma'ajiyar wucin gadi, sannan akwatin kwamfutar, sannan fanka. Ya rage saura madabod, faffaɗan allon nan da kowane kaya ke zama a kansa, wanda in babu shi sauran duk tarkace ne.

Ya hau mota zuwa Kano. Mai shago ya duba takardar kayansa, ya ciro masa wani kore, na hannu, da 'yar ƙura a gefensa, ya ce wannan daidai yake da abin da ka tara, yau ka sa, yau ya tashi. Amma idon tela ya riga ya faɗa kan wani baƙi a cikin gilashi, mai fitilu kala-kala suna zagayawa. Nan take ya ji koren ya fita daga ransa. Wai kunya yake ji a ce fuskar ubansa ta fito daga abin da wani ya gama mora. Kuɗinsa bai kai ba, ya dawo hannu rabbana, sai hoton baƙin a waya. Yana kan keke yana ɗinki, sai ya tsaya ya ciro wayar ya kalla, ya ƙara girman hoton, ya yi ajiyar zuciya. Yana tarawa, farashi yana gaba. Tsohuwa takan ce, “Har yanzu?” Shi kuma ya ce, “Saura ƙiris, Inna.” Ƙiris ɗin nan ya ci Sallah huɗu. Ta daina tambaya. Ta fara laluben bakin ƙofa da hannu kafin ta fita, ya gani da idonsa, ya ce wa kansa tsufa ne kawai.

Ranar da kuɗin ya cika ya koma, ya tarar an daina kawo baƙin, ƙanensa ne, sabon fitowa, a gilashi. Shi kuma ƙanen gurbinsa ba ya karɓar firosesar tela, ram ɗin ma ba ya shiga, sai dai a sake sayen komai daga farko. Mai shago ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro irin koren nan na da. Tela ya karɓa. Haɗawar da ya shekara biyu yana mafarki, tsakanin azahar da la'asar ya gama ta. Ya jona faifan, ya nemo hoton, sai ga uban nan yana dariya, hannunsa ɗaya a kan ƙyaure. Ya riƙo tsohuwa ya zaunar da ita. Ta matso, ta ƙara matsowa, har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Can ta ce, “Ina ganin haske. Wace hula ce a kansa?” Ya ce mai ruwan ƙasa ce, mai aikin zare fari. Ta ce, “Ni na wanke masa ita ranar.” Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Koren nan har yau yana aiki, bai taɓa ba shi matsala ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ni abin yana ba ni tausayi duk sanda na tuna. Ban san wa ke jiran taka kwamfutar ba, kai ka sani. Amma kafin ka mayar mini da wannan ka tafi jiran na cikin waya, ka tuna Hausawa sun ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.