Katin da Loretta ke jefawa duk Laraba

Desmond ya banko ƙofar kicin ɗin coci, har cokali ya kuɓuce wa Loretta, mahaifiyarsa.

"Mama, ki cire sunana daga akwatin nan."

Shekara uku ke nan da ya gaya mata shi namiji yake so. Ranar ta ce shaiɗan ne ya shige shi, shi kuwa ya kwashe kayansa sai Atlanta. Da ƙyar, da magani da zama gaban likitar ƙwaƙwalwa duk Talata, barci ya dawo masa. Sai jiya ƙanwarsa ta tsegunta masa cewa duk Laraba Mama na jefa kati mai sunansa a akwatin addu'a, tsofaffin matan coci su taru a kai.

"Ba ciwo nake ba balle a warkar da ni. Na zo ne in yafe miki, amma..."

"Kai, rage murya, gidan Ubangiji ne." Ta zaro katin makon nan daga jaka. "Karanta, sarkin faɗa."

Ya karɓa ya karanta: Ya Ubangiji, ka sa ɗana ya yafe mini abin da bakina ya faɗa. Ka raba shi da Terrence mai zaman banza. Ka ba shi miji mai aikin yi.

"Mama! Ai tun bara muka rabu da Terrence."

Loretta ta leƙa zauren coci, inda tsofaffin matan ke durƙushe suna addu'a, ta ƙwala wa ɗayarsu kira.

"Sista Odessa, an amsa biyu! Kada ku tashi, saura mijin!"