Mabiyiyar Sagir

Tun da aka fara gyara zuciyar yara da ƙwayoyin halittar mabiyiyarsu, duk jaririn da aka haifa sai an ajiye tasa a ɗakin sanyi na asibiti. Ranar Talata na je karɓo ta ɗana Sagir. Shekararsa huɗu, zuciyarsa ta kumbura har ba ya iya hawa dakalin ƙofar gida. Inna Delu, uwar mijina, ta raka ni.

Ma'aikaciyar ta duba lamba, ta jawo akwatin. Babu komai a ciki sai ƙanƙara.

"An rubuta kakarsa ta karɓa ranar haihuwa," in ji ta.

Inna ta sunkuyar da kai. "Na binne ta a bayan ɗaki, 'yar nan. Haka aka yi wa ubansa. Ta yaya zan bar rabin jikana a firji kamar kifi?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba.

"Saura hanya ɗaya," in ji ma'aikaciyar a hankali. "Ki haifa masa ƙani, mu gwada tasa. Kina da ciki?"

Na girgiza kai. Likita ya ce zuciyar Sagir ba za ta wuce wata shida ba.